Me ya sa shaƙiyyai suka fi mutanen kirki rai a cikin littattafai?

Malam Habu

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, na kuma san wasu za su ce na taɓo manya, amma a yi haƙuri a saurare ni.

Ku ɗauki Ruwan Bagaja. Babban tauraro Alhaji Imam ne, shi ya bar gida ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya fitar da Liman kunya bayan an wulaƙanta shi a fada. To amma ka tare duk wanda ya karanta littafin tun yana makaranta ka ce ya faɗa maka abin da ya tuna, kafin ka rufe baki zai ce Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Haka Magana Jari Ce. Duk hidimar littafi na ɗaya saboda Musa ɗan sarki ake yin ta, amma wa zai iya faɗin halin Musa guda biyu? Aku muke tunawa, sai kuma Waziri da makircinsa.

Abin da nake gani shi ne, marubuta suna ɗora wa tauraron kirki kayan jigo har ya kasa ɗaga kai. Shi ne mai haƙuri, shi ne mai gaskiya, shi ne darasin da ake son yaro ya ɗauka, saboda haka ba a barinsa ya yi abin da zai ba mai karatu mamaki. Shaƙiyyi kuwa ba wanda ya damu da tarbiyyarsa, sai marubuci ya sakar masa mara, shi ya sa yake fitowa da ransa. Kuma ban ga alamar 'yan zamani sun magance wannan ba, in ma ba ƙaruwa abin ya yi ba. Bismillah.

Hajiya Turai

Wa alaikumus salam. Malam Habu, maganarka da ƙamshin gaskiya, amma misalinka na farko bai zauna ba. Yaushe Alhaji Imam ya zama salihi? Koma ka duba. Shi da Zurƙe ai kar ta san kar ne. Wannan ya yi wa wancan tsiya a wannan gari, wancan ya rama a gari na gaba, a haka littafin ke tafiya. Alhaji yana shirga ƙarya, yana damfara, yana jefa Zurƙe cikin wahala da gangan. Bambancinsu kawai shi ne Alhaji ke riƙe da bakin labari, mai ba da labari kuwa ba ya zagin kansa. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya rubuta shi, kuma ana jin ƙuruciyar, dariya ta fi wa'azi yawa a ciki.

In kana neman tauraron da jigo ya danne, Shaihu Umar za ka ɗauko. Umar ba ya yin komai, yi masa ake yi. A sace shi, a kai shi nan, a miƙa shi can, Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare Sahara da shi, ya yi karatu ya zama shaihi. Wadda take da rai a littafin nan uwarsa ce. Ita ce ta yanke shawara da kanta, ta bar gida ta bi sawun ɗanta, ta faɗa cikin bauta, ta sha baƙar wuya har Tarabulus, ta gan shi, ba a daɗe ba ta cika. Ita kuwa ba shaƙiyya ba ce. Ke nan ba mugunta ke ba tauraro rai ba. Ya kasance dai akwai abin da yake so ƙwarai, har ya yarda ya yi asara a kansa, kuma shi ya zaɓa, ba tura shi aka yi ba.

Sagir

Hajiya, Allah ya ƙara girma. A aji an kawo mana rabon da E. M. Forster ya yi a 1927, inda ya kasa taurari gida biyu: mai fuska ɗaya, wanda za ka iya taƙaita halinsa a jimla guda, da mai fuskoki da yawa, wanda zai iya ba ka mamaki kuma ka yarda da mamakin. Amma Forster bai ce mai fuska ɗaya aibu ba ne. Har ya ce yawancin mutanen Dickens haka suke, kuma duk da haka suna da rai.

Ni ina ganin da gangan Tafawa Ɓalewa ya yi Umar a haka. Ku tuna yadda littafin ya buɗe: dattijon malami ne zaune a Rauta, almajiransa sun tambaye shi asalinsa, yana ba su labari. Malami a gaban almajirai ba zai tsaya zayyana fushinsa da son zuciyarsa na ƙuruciya ba. Abin da zai nuna musu shi ne yadda ƙaddara ta yi ta juya shi.

Malam Habu

Sagir, ai ka ba ni gaskiya ke nan ba ka sani ba. Ka ce da gangan aka yi, na yarda. Amma gangan ba ya mai da allon sanarwa mutum. Hajiya kuwa na karɓi gyaranki rabi: uwar Umar tana da rai, ba musu. Sai dai ki lura ba ita aka ɗora wa jigo ba, shi ya sa ta tsira.

Baba Lawan

Ku bari in sa baki. Kada a auna littattafan nan ba tare da an tuna yadda aka haife su ba. Gasa aka shirya a 1933, Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, don a sami abin karantawa a makarantu. Biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Shi kansa East ya rubuta a 1936 irin wuyar da ya sha kafin ya shawo kan malamai, don a wurinsu alƙalami na addini ne da tarihi da waƙar wa'azi, ƙaga labarin da bai faru ba kuwa tatsuniya ce, ba aikin mai rawani ba. To mutumin da ya fito daga wannan tarbiyya, in ya yarda ya rubuta abin da bai faru ba, dole ya nemi hujjar da zai kare kansa da ita. Hujjar ita ce darasi.

Duk da haka ku duba Jiki Magayi. Abubakar aka fara zalunta, Malam Shehu ya sa dukiya ya raba shi da Zainabu. Kana karantawa kana tausayinsa. Sai ya shiga duniya neman asirin ramuwa, ya dawo ya lalata Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya mai da shi ɓarawo, har ta kai yaron ya kashe ubansa bai sani ba. A wane shafi ne tausayinka ya bar Abubakar? Ni har yau ban iya sa yatsa a wurin ba. Shi ne wanda aka cuta, shi ne kuma mugun littafin. Wannan fa tun shekarun 1930.

Nafisa

Barkanmu da dare iyayena. Ni wutsiyar maganar Malam Habu ce ta tsaya mini, wai 'yan zamani sun ƙara ɓata abin. Malam, da girmanka, waɗanne ka karanta? Don tun lokacin da aka laƙaba wa littattafan nan suna adabin kasuwar Kano, mutane da yawa suka huta da karanta su, sai dai yanke musu hukunci daga bango.

Ka ɗauki Rabi a Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, 1990. Ita ce tauraruwar kirki, ita aka ɗora wa jigo, kuma tana da rai fiye da kowa a littafin. Mijinta Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'ya tara. Ba ta zauna kuka ba, ta kama sana'a ta riƙe 'ya'yanta har Saudatu ta yi aure na rufin asiri. Gobara ta cinye shagon Alhaji, Delu ta juya masa baya. Da marubuciyar wa'azi kawai take so, a nan za ta ajiye alƙalami, kowa ya tashi yana cewa alhaki ya kama mai shi. Amma sai ta ci gaba, aka taru a kan Rabi aka matsa mata ta karɓi mutumin nan, alhali ta ɗanɗani zaman kanta ta ji daɗinsa. Kana rufe littafin ba ka san murna za ka yi ko baƙin ciki ba. Sunan littafin yana cewa alhaki mai shi yake bi, labarin kuma yana nuna maka wadda ba ta ɗauki alhakin kowa ba ita ce ta ƙare da ɗaukar nauyin. Wannan saɓanin ba kuskure ba ne, shi ne littafin.

Ɗan Asabe

Nafisa, Balaraba daban, kada ki fake da ita. Mu yi maganar abin da ake turowa a waya yau. Tauraro ɗan shekara talatin, ya fi kowa kuɗi a Afirka, likita ne kuma soja ne kuma jinin sarauta, miskili ne ba ya magana sai da ido, in ya yi murmushi sai an ba shi shafi biyu. Tauraruwa kuwa 'yar talakawa, fara sol, gashi har gadon baya, dogon hanci. Kafin ya ce uffan an gaya mini sunan motarsa da agogonsa da turarensa. Muguwar kuwa ko ba a faɗa ba ka sani: baƙa ce, gajera, mai ƙiba. Wannan ma ai alamci ne, wato sa wani abu ya zama alamar wani, sai dai na ragwaye. Launin fata ya zama shaidar hali.

Anti Rakiya

Ɗan Asabe, ka ba ni dariya, kuma ban ce ƙarya kake ba. Amma ni da nake rubutun bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki. Mai rubutu a WhatsApp ko Wattpad ba ta gama littafi sannan ta fitar. Yau ta saki shafi, kafin gari ya waye masu karatu sun cika ta da sharhi. Ranar da ka sa tauraro ya yi abin kunya na gaske, ba irin laifin da ke ƙara masa kwarjini ba, ranar za a ce ka ɓata labari, wasu su fice. Na taɓa sa tauraruwata ta yi ƙaryar da ta cuci ƙanwarta, don kawai tsoro, ba don wani ya tilasta ta ba. Abin da na sha ba a magana. Aka ce in gyara, in nuna asiri aka yi mata. Asiri da aljanu sun zama ƙofar da muke fitar da taurarinmu daga laifi: ba ita ba ce, sihiri ne. Da zarar ka yi haka kuwa ka kashe ta, don ka ƙwace mata zaɓin da Hajiya ta ambata.

Kuma ba mu muka fara shan wannan matsi ba. Dickens ma kashi-kashi yake fitar da labaransa. Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes a 1893, masu karatu suka hana shi sakat, a 1903 ya dawo da shi da rai.

Malam Habu

Hajiya Rakiya, gaskiya ne. Amma shi Dickens ɗin, lokacin da masu karatu suka yi ta roƙonsa kada ya kashe yarinyar nan Nell a 1841, ai kashe ta ya yi. Dostoyevsky ma kashi-kashi ya fitar da labarin Raskolnikov a mujalla a 1866, ɗalibin da ya kashe tsohuwa da gatari tun farkon littafi, ba asiri ba aljani, sannan ya bar mu a cikin kansa har ƙarshe. Matsin gaskiya ne, amma ba uzuri ba ne.

Nafisa, Rabi kam na sallama miki ita.

Sagir

Tun da Yaya Ɗan Asabe ya taɓo alamci, ina da tambaya. An ce mana ruwan Bagaja alama ce ta ilimi, wai neman sa shi ne neman sani. Wani kuma ya ce alama ce ta mutuncin da aka zubar ake son maidowa. Rijiyar da Sumayya ta faɗa a In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, 1991, an ce auren dole ne da kansa, rami mai duhu. Ta yaya mutum zai san wanne ne daidai? Ko kowa ya faɗi nasa ne kawai?

Injiniya Kabiru

Sagir, ni dai ra'ayina ba zai yi wa malamanku daɗi ba. Rabin alamcin nan masu nazari ne ke ƙirƙiro shi don a sami abin rubutawa a kundi. Ruwa ruwa ne. Labari yana bukatar abin da za a je nema mai wuyar samu, aka ce ruwa. Da an ce ganye ko zobe, da labarin bai canja ba. Rijiya kuma ita ce abin da ke kusa da yarinyar a cikin gida. Hemingway, da aka dame shi da fassarar labarinsa na tsoho da teku na 1952, ya rubuta a wata wasiƙa cewa babu wani alamci, teku teku ne, tsoho tsoho ne, kifayen da suka cinye kamun kuma kifaye ne. In mai abu ya ce babu, wane ne kai?

Hajiya Turai

Injiniya, rabin maganarka na ɗauka. Akwai masu ganin alama a kowane ƙofa da taga, waɗannan kam suna gajiyar da mutane. Amma mai littafi ba shi ne alƙalin ƙarshe ba, littafin ne. Marubuci yakan sa abin da bai san ya sa ba, yakan kuma musanta abin da ya sani don kada a mai da labarinsa kacici-kacici.

Sagir, ga yadda nake gwadawa. Ina duba ko abin ya dawo fiye da sau ɗaya, ina duba inda aka ajiye shi, ina kuma duba ko yana aikinsa na zahiri ko da ba a fassara shi ba. Ɗauki fara a Things Fall Apart na Achebe, 1958. Fara ta sauko Umuofia, da farko 'yan kaɗan masu leƙen ƙasa, sannan gayya ta rufe sama, ta sauka har rassan itatuwa suna karyewa. Mutane murna suke yi, don abinci ne ya zo. Okonkwo na zaune yana cin farar nan tare da yaransa Ezeudu ya shigo ya gaya masa an yanke hukuncin kashe Ikemefuna, ya kuma gargaɗe shi kada ya sa hannu, don yaron uba yake kiransa. Can gaba, Obierika ya kai wa Okonkwo labarin yadda aka hallaka Abame, ya ce abin bautarsu ya kira Turawa fara, na farkon da ya zo a kan keke ɗan leƙen ƙasa ne, saura na tafe. Ka ga a nan ba mai nazari ne ya ƙaga ba. Littafin ne da kansa ya ɗaura zaren. Kuma ko ba ka lura ba, babin farar yana nan daram a matsayin labarin fara.

Ruwan Bagaja bai ci wannan gwajin sosai ba. Ana ambatonsa a farko, a yi ta sha'anin Zurƙe, sai can a koma kansa. Dalilin tafiya ne, ba zuciyar littafin ba. A nan ina bayan Injiniya. Rijiya kuwa ban yarda da shi ba gaba ɗaya. Gaskiya ne ita ce a kusa, amma wannan kusancin shi ne abin tsoron: halakar yarinyar tana tsakar gidansu, wurin da ake cewa ta fi tsira.

Ustaz Mu'azzam

Ƙari a kan maganar Hajiya. A littafin Ɗayyib Salih na Sudan, Mausimul Hijra ilash Shamal, 1966, kogin Nilu yana nan tun farko, shi ke shayar da gonaki, a lokacin cikarsa Mustafa Sa'id, babban tauraron littafin, ya ɓace. A ƙarshe mai ba da labari ya shiga kogin yana iyo, ya kai tsakiya, tsakanin gaɓar kudu da ta arewa, ya kasa gaba ya kasa baya, ya fara neman agaji. Mutumin da ya yi karatu a Ingila ya dawo ƙauyensu, ga shi a tsakiyar ruwa. Ba sai an yi maka tafsiri ba. Amma ruwan na gaske ne, yana iya nutsewa. Alamar da ba za ta iya nutsar da mutum ba ado ce kawai.

Baba Lawan

Tun da an zo nan, bari in koma kan aku, don Malam Habu ya wuce shi da sauri. Tsarin aku mai ba da labari don ya tsare wani kada ya fita ba Imam ya ƙago shi ba. Yana cikin wani tsohon littafin Indiya na labarai saba'in na aku, wanda aka mayar Farisanci da sunan Tutinama a ƙarni na 14. A can matar aure aku yake tsarewa da hira, dare bayan dare, kada ta fita wurin wani namiji mijinta ba ya gari. Imam ya ɗauki ƙashin ya canja naman: ɗan sarki ake tsarewa, kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri alhali sarki na wurin yaƙi. Batun ya tashi daga tsaron aure ya koma tsaron sarauta.

To ku dubi tsuntsun nan. Ba shi da takobi, ba shi da dangi a fada, saye aka yi aka kawo shi. Harshe kaɗai gare shi, da shi ya tsare gadon sarauta, da shi ya zama waziri. An buga littattafan uku tsakanin 1937 da 1939, a 1939 ɗin kuma Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ni a karatuna aku hoton sabon ajin mutane ne da ke tasowa a lokacin, 'yan makaranta waɗanda ba su gaji sarauta ba amma alƙalami ya kai su kusa da masu mulki. Ban ce Imam ya zauna ya shirya haka ba. Na ce abin yana nan a shafi.

Ɗan Asabe

Baba, Allah ya ja kwana, in haka ne kada a manta ɗaya halin aku: maimaita maganar wasu. Labaran da ke ciki da yawa daga Dare Dubu da Ɗaya suke da tatsuniyoyin Turai. Ko Imam tsokanar kansa yake yi? 😄

Baba Lawan

Ɗan nema. Aku na gida maimaitawa yake yi yadda ya ji. Na Imam kuwa ya san wane labari zai ba wa, a wane dare, don wace bukata, kuma in ya gama da shi ba ka ce ba a nan aka haife shi ba. Aro ba laifi ba ne a wannan sana'a. Kalila da Dimna ma daga Indiya ta bi ta Farisa kafin Ibnul Muƙaffa ya mai da ita Larabci a ƙarni na 8.

Injiniya Kabiru

To ga inda zan yarda da alamci ba gardama: Gandun Dabbobi. Nan kam Orwell da niyya ya yi a 1945, kowace dabba da wanda take wakilta. Babban alade Stalin ne, wanda aka kora Trotsky ne, juyin da dabbobi suka yi juyin Rasha ne na 1917. Lissafi ne, ɗaya bisa ɗaya. Irin wannan nake so, wanda za a iya tabbatarwa.

Hajiya Turai

Kuma shi ne misalin da zai kayar da kai, Injiniya. Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara shi a 1975. Yara nawa suka karanta shi da Hausa ba su taɓa jin sunan Trotsky ba? Amma ka tambaye su ranar da aka zo da mota aka ɗauki doki Akawal, bayan ya ƙare ƙarfinsa a aikin gandu, aka ce asibiti za a kai shi, jaki ya karanta rubutun jikin motar ya gane wurin mahauta za a kai shi. Ba wanda ya karanta wurin nan bai ji wani abu ya tokare masa maƙogwaro ba. Da lissafin ɗaya bisa ɗaya ne kaɗai ke riƙe da littafin, da ya mutu tare da Tarayyar Sobiyat a 1991. Dokin ya fi abin da aka ce ya wakilta girma. Kuma ka lura, Malam Habu, Akawal na kirki ne, mai fuska ɗaya ne, jigo ne a kansa tun daga kai har kofato, amma ya fi Maitumbi, babban aladen, zama a zuciya.

Malam Habu

Na lura, Hajiya. Amma kirkinsa ne ya kashe shi, marubucin bai ba shi lada ba. Wataƙila a nan matsalar take: ba kirkin ba, ladan da ake tabbatar wa mai kirki tun shafin farko. In na san ƙarshenta gidan mai kuɗi ne da kujerar Makka, me zai sa in ji tsoro dominta?

Nafisa

Shi ya sa nake son Binta Zubairu a Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, 2015, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. Bazawara 'yar shekara 55, mai zuwa islamiyya, ta faɗa soyayya da Reza, matashin ɗan daba da ya haura gidanta sata. Ba a ce asiri aka yi mata ba. An nuna maka tana ganin ɗanta na fari a fuskarsa, ɗan da alkunya ta hana ta ko kiran sunansa har 'yan sanda suka kashe shi, shi kuma yana ganin uwar da ta tafi ta bar shi. Ba ka yarda da abin da take yi ba, amma ka san daga ina ya fito. Ga kuma warin kyankyasai da take ji duk lokacin da wani mugun abu zai faru. Injiniya zai ce wari wari ne. Amma littafin da shi ya buɗe, kuma yana dawowa, ya ci gwajin Hajiya.

Hajiya Turai

Ya ci. Amma Nafisa, tun da kin kawo Rabi kin yi nasara da ita, bari in tambaye ki Delu. Mece ce Delu ban da muguwar kishiya? Me take so, me take tsoro, me ya kai ta zaman da take yi kafin Alhaji Abdu ya aure ta? Littafin da ya ba Rabi fuskoki ya bar Delu da guda ɗaya. A labaran gidan aure, shaƙiyyar ce ma ba ta da rai, akasin abin da Malam Habu ya fara da shi.

Anti Rakiya

Hajiya, wallahi ranar da na ba kishiya uzuri, ranar za a kore ni daga rukunina. Yawancin masu karatuna uwayen gida ne, sun zo ne a rama musu.

Nafisa

Gaskiya ne Hajiya, Delu ba ta sami adalci ba. Amma ana iya yi, Anti, an ma yi. Mariama Ba ta Senegal, a littafinta So Long a Letter, doguwar wasiƙar nan tata ta 1979, labari kusan ɗaya ne da na Rabi: Ramatoulaye ta haifa wa Modou 'ya'ya goma sha biyu, ya juya mata baya ya auri Binetou, ƙawar 'yarsu Daba. Ramatoulaye ce ke rubutun, tana cikin takaba, tana da duk dalilin da za ta tsine wa yarinyar. Amma sai ta nuna mana uwar Binetou ce ta matsa, don tana son fita daga talauci ta shiga gida mai kyau ta je Makka, aka cire yarinya daga makaranta ana dab da jarrabawa aka miƙa wa sa'an ubanta. Binetou tana wulaƙanta Modou, tana ja da shi wuraren rawa inda samari ke yi masa dariya, kuma kana gane cewa ramuwa take yi a kan ƙuruciyar da aka saye. Uwargida ba ta yafe ba, zafin yana nan a kowane shafi, amma ta ga yarinyar a matsayin mutum. Littafin kuma shi ya fara cin kyautar adabi ta Noma a 1980. Ki gwada ko da babi ɗaya ne daga bakin kishiyar, Anti, ki ga ko za su fice ɗin da gaske.